Ranar da Kaka Ta Je Kama Likitan Unguwa

Ku gyara zama in ba ku labarin wata tsohuwa irinmu, mu da muka haifa muka raina, muka kuma ɗauka duk abin da ba mu sani ba to ba a halicce shi ba tukuna. A gaban idonta kowa Kaka yake ce mata. In ta ba da baya kuwa, mutanen layinsu Na-Sani suke kiranta, don ba a taɓa kawo zance a gabanta ta ce yau ta fara ji ba.

Kaka tana zaune ne a gidan autanta, wani bakanike, da matarsa da jaririnsu, wanda ita Kaka take kira angona. A ƙarƙashin gadonta akwai wani kwando. Cikinsa zuma ce da tafarnuwa da man zafi da busasshen ɓawon lemo, da wasu saiwoyi da ita kanta ta manta sunansu amma ba ta manta aikinsu ba. Da wannan kwandon ta raini 'ya'yanta kaf, kuma duk wanda ya yi atishawa a gidan sai ya ji labarin.

Rigima ta tashi ne ranar da matar Auta ta fito daga wanka ta tarar Kaka ta lakato zuma a yatsa tana nufar bakin yaro.

"Inna, don Allah tsaya! Likita ya ce kada a ba shi zuma sai ya shekara. Ko ruwa ma ban da shi yanzu, nono kawai."

Kaka ta tsaya da yatsa a sama. "Ruwa? Ruwan da ake sha? Wane likitan ne ya hana ɗan mutum ruwa?"

"Likitan iyali, na ƙaramin asibitin bakin titi."

"Wannan mai tabarau, wanda gemunsa bai gama shawarar fitowa ba? 'Yar nan, mijinki da kike gani, zumar nan ce ta tsayar da shi da ƙafafunsa."

"Shi ya sa har yau haƙoransa ke ciwo," in ji matar Auta, ƙasa-ƙasa.

Kunnen Kaka ba ya jin sallama, amma irin wannan ba ya wuce shi. Kafin Auta ya dawo daga gareji gidan ya ɗauki zafi. Ya shigo hannu duk baƙin mai, uwa ta kama shi ta nan, mata ta kama shi ta can. Kaka ta ce ai ita ta ji a rediyo, wai akwai masu aikin duba asibitoci, su leƙa tsafta, su leƙa magani, su ga ko likita ya san abin da yake yi, wai har wasu sukan shiga kamar marasa lafiya. Ta ce in mutanen da aka haifa jiya za su iya, ita me zai hana ta?

Auta ya gaji, yunwa kuma na cin sa. Ya ce, "To Inna, na yarda. Je ki duba. In kin samo laifi ɗaya na gaske, wanda za ki faɗa a gaban likita ya kasa musu, mun cire yaro daga can, ke ce likitarsa. In ba ki samo ba, kwandon nan ya bar gidan nan."

"Laifi ɗaya?" Kaka ta yi dariyar raini. "Ka tanadi buhu."

Abokiyar tafiyarta matar tela ce, maƙwabciyarsu, mace mai kirki da saurin kuka, wadda zance ba ya kwana a cikinta. Kaka ta zaunar da ita ta warware mata dabara. Za ta fara duba ƙura. In ba ta samu ba, za ta yi ciwon ƙarya. Likita na gaske yana kallon mutum zai gane lafiyarsa lau. Na bogi kuwa zai ba da magani a kan ciwon da babu, nan za a kama shi dumu-dumu.

"Ke dai ki tsaya kusa da ni. In na ƙifta miki ido, ki ce wa jama'a su zo su shaida."

"Wane ciwo za ki ce kina yi, Kaka?"

"Na marigayi. Shi kaɗai ne ciwon da na haddace, don a gabana ya yi shi."

Washegari da safe an ɗan yi ruwa. Suka tsallaka titi suka shiga ɗakin jira. Benci biyu ne da kujerun roba, sai teburin akawu mai ba da kati, da famfo da sabulu a bakin ƙofa. Mai burodi na zaune da yatsa a naɗe, tsohon direba na gefe yana tari, ga mata masu goyo sun cika benci. Kaka ta zaro farin ƙyalle daga jaka. Ta goga a taga, ta duba, fari. Ta goga a bayan ƙofa, fari. Ta hau kan kujera za ta goga saman kabad, kujera ta yi ƙara, matar tela ta rungume ƙafafunta, suka sauko tare ba shiri.

Sai idonta ya faɗa ƙasa. Ga taɓo nan, sawu-sawu, a tsakiyar ɗakin da ake ce wa asibiti.

"Jama'a ku duba! Taɓo! A nan ake kawo jarirai!"

Akawu ya leƙo ta saman tebur. Ya bi sawun da ido daga bakin ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa bayan ƙofa, daga can zuwa kan kujera, har ya zo ya tsaya a kan takalman Kaka.

"Sannu Kaka. Ga abin goge ƙafa can a bakin ƙofa, kin tsallake shi."

"Na gan shi. Gwada shi nake."

Mai burodi ya ce, "Na-Sa... Kaka, aikin shara kika samu a nan?"

"Kai da wuƙar burodi ta fi ƙarfinka, rufe min baki."

Ta hango wata ƙofa a buɗe, ta sulale ciki. Ga firij. Ta ce a ranta yau ga inda suke ɓoye abincinsu tare da maganin mutane. Ta ja murfi. Ƙananan kwalaben rigakafi ne jere reras, ba ko ɓawon ayaba. Tana tsaye tana leƙen bayansu sai firij ya fara kuka, ɗit-ɗit-ɗit, kamar an taka ɗan tsako. Nas ta shigo da gudu, wata ƙaƙƙarfar mace mai damtse kamar na mai daka, ta mayar da murfi ta rufe.

"Kaka, wannan na rigakafin yara ne, in ya ɗumama ya lalace. Me kike nema?"

"Ruwan sanyi."

Nas ta kamo hannunta har benci, ta kawo mata ruwa a kofi, ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Kaka ba ta jin ƙishi, amma haka ta ɗaga kai ta kwankwaɗe, tana hararar firij ta gefen kofi.

Saura babbar dabara. Ta miƙe ta isa teburin akawu, ta dafe ƙirji, ta lanƙwasa murya.

"Yaro, ƙirjina. Kamar an ɗora min dutse. Yana saukowa ta hannun hagu har yatsu, yana hawa muƙamuƙi. Ga zufa."

Zufar kam gaskiya ce, hawa kujera ya kawo ta.

Ita a lissafinta za a ba ta kati ta bi layi, ta samu lokacin shirya sauran ƙaryar. Akawu bai ko ɗauki biro ba. Ya danna wani abu a ƙarƙashin tebur, ƙararrawa ta ɗauka. Kafin Kaka ta sauke hannu daga ƙirji nas ta iso da kujera mai taya, ta ɗaga ta cak ta dasa a ciki, ta tura ta gaban kowa.

Tsohon direba ya ce, "Mu da muka zo tun ana buɗe ƙofa fa?"

"Baba, tarinka zai jira, wannan ba ya jira," in ji nas, ba ta ko waiwayo ba.

Kaka ta ji daɗin wannan. Ta ɗaga wa direba gira tana wucewa.

Daɗin bai daɗe ba. Aka kwantar da ita a kan gado, aka ja labule. Likita ya bar wanda yake dubawa ya shigo yana wanke hannu, abin da ya ɓata wa Kaka rai, don ta so ya manta. Nas ta manna mata wasu abubuwa masu sanyi a ƙirji, wayoyi na bin su zuwa wata na'ura. Aka ɗaure mata damtse da abin awon jini, ya matse ta har ta kusa faɗin gaskiya.

"Kaka, yaushe ya fara?" in ji likita.

"Ɗazu."

"Akwai maganin da jikinki ba ya so? Kin taɓa aman jini, ko gyambon ciki?"

"Ni? Cikina ko ƙusa na haɗiya narkewa take."

Ya miƙo wata farar ƙwaya. Zuciyar Kaka ta yi fari tas. Ga shi nan, magani a kan ciwon da babu! Ta karɓa ta tura a kumatu, da niyyar ta fito da ita a gaban jama'a ta zama shaida.

"Tauna, Kaka," in ji nas.

"Na tauna."

"Buɗe baki in gani."

Haka Kaka ta tauna shaidarta tana ji tana gani, ga ɗaci kamar me. To, ko ba ƙwaya ai akwai mai ido. Ta juya wajen matar tela, wadda ke maƙale a jikin labule, ta ƙifta mata ido ɗaya. Matar tela ta zuba mata ido. Kaka ta sake ƙiftawa, da ƙarfi, har da karkata baki.

"Likita!" in ji nas. "Idonta ɗaya na rufewa, bakin ma ya karkace!"

Likita ya sunkuyo. "Kaka, yi min murmushi."

"Ba na murmushi da yara."

Ya juya wajen matar tela. "Da tana yi?"

"Wallahi likita, tun da na tare a layin nan ban taɓa gani ba!" Sai ta fashe da kuka. Yadda Kaka ta kwanta da wayoyi a ƙirji, ga na'ura na ƙara, ga nas na gudu, matar tela ta manta sarai da zancen jiya. Ta yi waje da mayafi a hannu tana ihu, "Kaka! Kaka za ta tafi!"

"Ɗaga hannuwanki biyu sama," in ji likita.

Kaka ta tuna hannun hagu ne ta ce yana ciwo. In ta ɗaga shi, ƙarya ta fito tun ba a tara shaidu ba. Ta ɗaga na dama kawai.

Likita ya ce wa akawu, "Kira motar asibiti. Ka kira ɗanta."

Nan fa Kaka ta yunƙura za ta tashi. Ita ta ɗauka ƙarya kamar famfo ce, in ka buɗe kana iya rufewa.

"Yaro, na ji sauƙi. Ya tafi."

"Haka yake yi, Kaka, ya lafa ya dawo. Kwanta."

"Na ce maka na warke!"

"Kada ki yi ƙarfin hali," in ji nas, ta danna ta da hannu ɗaya ta koma kwance. "Irinku ne ke ba mu wahala. Kuna mutuwa kuna cewa lafiya lau."

Jiniya ta taso daga ƙarshen titi. Auta ya faɗo ɗakin da sifana a hannu, bai ma san yana riƙe da ita ba. Bayansa matarsa ce, goye da yaro, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar tana jini don ta taka kwalba a hanya. Ta durƙusa a bakin gado ta kama hannun Kaka tana kuka.

"Inna, ki yafe min maganar haƙora! Inna, kada ki tafi ki bar mu!"

Kaka ta buɗe baki, ta kalli ƙafar, ta rufe. Kafin ta sake tattaro magana, ƙartai biyu na motar asibiti sun ɗauke ta sun ɗora a gadonsu, sun ɗaure ta da bel a ƙirji da gwiwa, sun turo ta waje.

Layin gaba ɗaya yana bakin ƙofa. Matar tela ta yi aikinta. Tela ya baro keken ɗinki da tsumma a wuya, mai aski ya zo da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Wata maƙwabciya ta kutso ta dafa gadon.

"Kaka, na yafe miki zagin da kika yi min a kan igiyar shanya."

"Allah sarki," in ji mai aski. "Tana da faɗa, amma ta iya raino."

"Ai mutuniyar kirki ce, bakin ne kawai," in ji wani daga baya. "Ta sha zuma ta sha tafarnuwa, ga shi dai."

Wannan ce ta gama da Kaka. A kashe ta da rai ta haƙura, amma a taɓa kwandonta a gaban jama'a? Aka buɗe bayan mota, aka ɗaga gadon, ta tattara duk muryar da ta raini 'ya'ya da ita.

"Ku sauke ni! Ƙarya nake! Lafiyata lau! Bincike na zo yi!"

Ta ɗaga hannun hagu ta kaɗa shi sama, ta kaɗa na dama, ta yage baki ta nuna haƙora duka, abin da layin bai taɓa gani ba. Wani yaro a bayan uwarsa ya tsala ihu.

Sai muryar matar tela, ƙarama: "Au. Haka ne fa. Ta gaya min jiya. Na manta."

Auta ya dubi uwarsa, ya dubi sifanar hannunsa, ya zauna a bakin kwata.

Kaka, tana ɗaure har yanzu, ta ga in za a nutse gara a nutse da faɗa. Ta nuna likita da yatsa. "Ga laifin nan, kowa ya shaida! Ya ba ni magani a kan ciwon da babu. Likita ne bai san mai ƙarya ba?"

Likita ya cire tabarau ya goge. "Kaka, abin da kika faɗa a teburin can, duk wanda ya faɗe shi haka za mu yi masa, ko yana dariya ya faɗa. Gara a yaudare ni kullum da in tsaya tantama mutum ya mutu a kan benci. Wa ya koya miki waɗannan kalmomin?"

"Marigayi mijina."

"Shi aka yi masa me?"

Kaka ta sauke yatsanta. Man zafi aka shafa masa, ita ce ma ta shafa.

Direban motar asibiti ya kwance bel ɗin yana huci. "Hajiya tsohuwa, motar nan ɗaya ce a wannan yankin. Da wani ya kira muna nan muna wasa da ke fa?" Ya rufe ƙofa da ƙarfi, suka tafi ba jiniya.

Likita bai sake ta nan take ba. Ya mayar da ita ciki, ya sake duba takardar na'ura, ya sake ɗaure damtse. Ya ce zuciya lafiya, amma jininta ya hau, hawa na gaske, kuma ba yau ya fara ba.

"Ku kuka hawar min da shi."

"To mu za mu sauke shi. Ƙwaya ɗaya kullum da safe."

Nas na gefe tana wanke ƙafar matar Auta tana naɗewa. Kaka ta kalli wajen sau ɗaya ta kau da kai. Da suka fito, jama'a suka dare mata hanya, mai burodi ya sara mata kamar soja. Ta wuce kai a sama, abin mannawa ɗaya da aka manta yana leƙowa ta wuyan rigarta.

A gida ba ta jira Auta ya tambaya ba. Ta jawo kwandon da kanta ta dire a gabansa.

"Na gama bincikena. Asibitin ya ci. Ku ci gaba da kai angona, da izinina."

"Da izininki, Inna," in ji Auta, ya ɗauke kwandon da sauri kafin ta sake shawara. Zumar kaɗai ta ƙwace, ta ce ta shayinta ce.

Da ranar rigakafin yaro ta zo, ƙafar matar Auta ba ta gama warkewa ba, Kaka ta ce ita za ta raka su ta riƙe angonta. Ta goge ƙafa a bakin ƙofa har sau ba adadi, ta zauna a ƙarshen benci kamar baƙuwa. Abin da ba ta gaya wa kowa ba, ta gaji da ƙwaya ɗaya-ɗaya kamar mai ciyar da kaza. Da safen nan ta haɗa na sauran kwanakin mako ta watsa a baki, don a gama da wuri.

Aka kira su. Ta miƙa yaro ga uwarsa, ta miƙe tsaye. Ɗakin ya juya, benci ya hau sama, Kaka ta zube a ƙasa kamar buhu.

Ba wanda ya motsa a ɗakin jiran. Tsohon direba ya ce, "Ku ƙyale ta, bincike take."

Matar tela, da ita ma ta biyo su, ta leƙo ta ce, "Wannan karon ba ta gaya min ba. Ko ta gaya min?"

Ƙararrawa dai ta ɗauka. Nas ta tsallake ƙafafun mutane da gudu, likita na bayanta, aka ɗaga mata ƙafafu sama, aka ɗaure damtse. Da ta farfaɗo, fuskar nas ce a kanta, riƙe da kwalin maganin da ta zaro daga jakar Kaka, rabinsa wayam.

"Kaka, guda nawa kika sha?"

Kaka ta dubi nas, ta dubi jama'ar da suka zagaye ta, ta gyara ɗankwali tana kwance.

"Wannan ma kun ci," in ji ta. "Ku ɗaga ni a hankali."